Rotterdam: Garin da Tarihinsa Ya Koma Gefe

Baƙon da ya kwana biyu a Amsterdam sannan ya sauka a babbar tashar jirgin ƙasa ta Rotterdam, zai iya ɗauka ya bar ƙasar Holan. Siraran gidajen nan na jan bulo masu jingine da juna ba ya ganinsu, ƙananan gadojin da ake sa wa a katin gaisuwa ma haka. Abin da ke tarbarsa faffaɗan tituna ne da dogayen benaye na gilashi da ƙarfe, sai iska mai ƙarfi da ke tasowa daga kogi. Alhali tsakanin garuruwan biyu, a jirgi mai sauri, tafiyar ba ta kai sa'a ɗaya ba.

Rana guda ce ta jawo wannan bambanci. Ranar 14 ga Mayu 1940, da azahar, jiragen yaƙin Jamus suka yi wa tsakiyar garin ruwan bama-bamai, a daidai lokacin da ake tattauna miƙa wuya. Harin bai wuce kwata na sa'a ba, amma gobarar da ta biyo baya ta yi kwanaki tana ci. Mutane wajen 800 zuwa 900 suka mutu, kusan 80,000 suka wayi gari ba su da matsuguni. Washegari sojojin Holan suka ajiye makamai. Garin da ya fara a matsayin madatsa a kan ƙaramin kogin Rotte wajen 1270, ya samu matsayin birni a 1340, ya rasa cibiyarsa a yini ɗaya.

Hukumomin garin ba su zaɓi su maido da tsohon fasali ba, kamar yadda mutanen Warsaw suka yi da nasu. Cikin 'yan kwanaki aka ba da umarnin kwashe ɓaraguzai, har da gine-ginen da za su iya gyaruwa, kuma tsarin da aka amince da shi a 1946 ya shata sabon gari ne fil. Wannan ne ya sa nake ba mai karatu shawarar kada ya ƙarar da kwanakinsa a tsakiyar Rotterdam. Tsakiyar tana da abin kallo, amma shekarunta kaɗan ne. Tsohon garin, da mutanen da suka gina shi da gumi, da dalilin da ya sa har yau ruwa bai cinye shi ba, duk sai an fita gefe ake samunsu: a unguwannin yamma, a ƙetaren kogi, da garuruwan da ke kewaye.

Rabin yini ya ishi tsakiyar. A fara da mutum-mutumin da Ossip Zadkine ya ƙera, wanda aka kafa a 1953: mutum ne ya ɗaga hannuwa sama yana kururuwa, ƙirjinsa a huje inda zuciya take. Daga nan a leƙa majami'ar Laurens, wadda aka fara ginawa a 1449, ita kaɗai ce ta rage daga gine-ginen wancan zamani, ita ma sai da aka sake ta da ita daga kango. A farfajiyarta mutum-mutumin Erasmus yake, malamin nan ɗan garin. Kusa da nan akwai gidaje masu siffar akwati a karkace da Piet Blom ya zana, da Markthal, kasuwar da aka buɗe a 2014 cikin wani gini mai kama da baka, wanda mutane ke zaune a jikin bangonsa. Kasuwar ta burge ni a ido, amma farashinta na masu yawon buɗe ido ne. Mai son ganin inda 'yan gari ke cefane ya jira Talata ko Asabar, lokacin da ake cin kasuwa a filin da ke gabanta. Idan dare ya yi, a dubi ƙasa: akwai ƙananan fitilu da aka dasa a daɓen titi, suna bin iyakar inda gobarar 1940 ta tsaya, tsawon kilomita goma sha biyu. Duk abin da ke cikin wannan da'ira sabo ne, in ban da 'yan gine-gine ƙalilan irin su zauren majalisar gari.

Yamma

Minti biyar a ƙafa daga tashar jirgi, an haye wannan iyaka an shiga titin West-Kruiskade. Nan take gidajen suke tsufa, titin ya tsuke, ƙamshi ya canza. Shagon ɗan Sin na jikin na ɗan Suriname, mahaucin Bamaroke na kallon mai sayar da doya da busasshen kifi da manja. Mazauna Rotterdam sun haura 650,000, asalinsu daga ƙasashe fiye da 170, kuma fiye da rabinsu ko dai a waje aka haife su ko iyayensu daga waje suka zo. A wannan titi ake fara ganin haka da ido. Musulmi ba zai sha wahalar neman naman halal a nan ba. Akwai ma wani abinci da a wannan ɓangare na garin aka ƙirƙiro shi wajen 2003, ana ce masa kapsalon: soyayyen dankalin turawa a ƙasa, shawarma a kai, a narka cuku, a rufe da ganye. Wani mai aski ɗan Cape Verde ne ya saba sa a haɗa masa haka a shagon da ke kusa da nasa, har abin ya bazu ƙasar baki ɗaya.

Idan aka ci gaba da nausawa yamma, sai Delfshaven. Wannan unguwa bama-baman 1940 ba su same ta ba, saboda haka ita ce ke nuna yadda bakin ruwan Rotterdam yake a da: mashigin ruwa, gadar da ake ɗagawa, tsofaffin rumbunan 'yan kasuwa, da injin iska a ƙarshen layi. Asalinta ma ba ta Rotterdam ba ce. Mutanen Delft, da yake garinsu ba ya bakin babban kogi, su suka haƙa hanyar ruwa a 1389 suka kafa tashar jiragensu a nan. Sai a 1886 Rotterdam ta haɗiye ta. Daga wannan gaɓa ne a 1620 wasu Ingilishi masu gudun tsangwamar addini suka shiga jirgin Speedwell, tafiyar da ta kai su ga kafa ɗaya daga cikin matsugunan Turawa na farko a Amurka, shi ya sa Amurkawa ba sa rabuwa da 'yar majami'ar da ke wurin. A nan kuma aka haifi Piet Hein, sarkin yaƙin ruwan da ya kame jiragen azurfar Sifaniya a 1628.

Piet Hein ma'aikacin Kamfanin Indiya ta Yamma ne, kamfanin da ya ƙwace gidan yarin bayi na Elmina, a gaɓar Gana ta yau, daga hannun Fotugal a 1637. Ba na son baƙo ɗan Afirka ya bar Delfshaven da hoton kyawawan gidaje kawai. Ya ƙarasa bakin kogi zuwa Lloydkade, inda tun 2013 aka kafa abin tunawa da bauta: ƙarfe mai siffar jirgin ruwa, a samansa mutane huɗu suna rawa, na farko da sarƙa, na ƙarshe ya kuɓuta. Attajiran wannan gari sun zuba jari a cinikin bayi, kuma kamfanin Coopstad & Rochussen na Rotterdam yana cikin manyan masu wannan fatauci a ƙarni na 18. Holan ba ta haramta bauta a Suriname da tsibiran Karebiyan ba sai 1 ga Yuli 1863. Jikokin waɗancan bayi suna cikin masu shagunan da aka wuce a West-Kruiskade, kuma kowace shekara a wannan rana suna taruwa a bakin wannan ruwa. A Disambar 2021 hukumar garin ta fito fili ta nemi gafara kan rawar da magabatanta suka taka.

Ƙetaren kogi

Kogin Nieuwe Maas ya raba Rotterdam gida biyu, kuma rabon bai tsaya ga ruwa ba. Arewa ce ke da ofisoshi da jami'a da gidajen tarihi. Kudu ce ta ma'aikata. Hanyoyin hayewa suna da yawa. Akwai gadar Erasmus da aka buɗe a 1996, tsawonta mita 802, wadda 'yan gari ke yi wa laƙabi da sunan wani farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya. Akwai ƙananan jiragen ruwa na haya masu gudun tsiya. Ni dai na fi son ramin Maas, wanda aka gama a 1942 ana tsakiyar yaƙi. Motoci na da nasu rami, masu keke na da nasu, masu tafiya a ƙafa na ƙarƙashinsu. Da safe za ka ga ma'aikata sun jera a kan doguwar matakala mai tafiya da kanta, kowa riƙe da kekensa, suna gangarawa ƙarƙashin kogi. Wannan layi na masu keke ya fi kowane bene faɗa maka irin garin da kake ciki. Mutanen Holan suna da wata magana: a Rotterdam ake nemo kuɗi, a Hague a raba su, a Amsterdam a kashe.

Kudu ta samo asali ne daga wani aikin haƙa. Kafin 1872, jirgin da ke son isa Rotterdam daga teku sai ya yi ta zagaye cikin rassan kogi masu cike da yashi. A wannan shekara aka buɗe hanyar da injiniya Pieter Caland ya yanka kai tsaye zuwa teku. Ta zo daidai da bunƙasar masana'antun Jamus a yankin Ruhr, waɗanda kogin Rhine ya haɗa su da nan. Sai aka shiga haƙa manyan tashoshi a kudancin kogi, aka kuma buƙaci hannaye. Baƙin farko ba daga Afirka ko Asiya suka zo ba: talakawan manoma ne na yankunan Brabant da Zeeland, waɗanda 'yan arewacin kogi ke yi wa kallon ƙauyawa. Daga 1962 har 2004 babu tashar jiragen ruwa a duniya da ta kai wannan yawan kaya, har yanzu kuma ita ce ta farko a Turai.

Da an sauka daga gadar Erasmus an shiga Kop van Zuid, tsohuwar tashar da yanzu ta cika da dogayen benaye. A can ƙarshen tsirin akwai wani tsohon gini mai hasumiya biyu masu koren rufi, hedikwatar kamfanin jiragen Holland America a da, yanzu otal. Dubban ɗaruruwan mutane, da yawansu talakawa da Yahudawan gabashin Turai, daga wannan gaɓa suka yi wa nahiyar kallon ƙarshe suka nufi New York. Turai ta daɗe tana fitar da 'yan ci-rani kafin ta fara karɓarsu, kuma a 2025 an buɗe gidan tarihin ƙaura mai suna Fenix a wani tsohon sito da ke fuskantar otal ɗin.

Siton yana Katendrecht ne, wani siririn tsiri da 'yar gadar ƙafa ta haɗa da Kop van Zuid. A 1911, da ma'aikatan jiragen ruwa suka shiga yajin aiki, kamfanoni suka kwaso 'yan Sin don su maye gurbinsu. Da yawa suka zauna, unguwar ta zama babbar matattarar 'yan Sin a Turai. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1930 aka sallame su, sai suka koma tallar alewar gyaɗa a tituna. Shekaru da dama sunan Katendrecht bai da daɗin ji, don unguwar mashaya ce da gidajen karuwai na matuƙa jirgi. Yau gidajen cin abinci ne masu tsada suka kewaye dandalin Deliplein, kuma kuɗin haya ya fi ƙarfin jikokin waɗanda suka zauna a nan lokacin da ba mai so.

Tafiyar minti goma sha biyar daga nan sai Afrikaanderwijk, inda nake ganin ya fi cancanta baƙo ya ɓata lokaci. Sunan na iya ruɗar mutum. Ba don 'yan Afirka aka sa shi ba. An gina unguwar wajen 1900, lokacin da Turawan Boer, jinin Holan, ke yaƙi da Ingila a Afirka ta Kudu, sai aka sa wa tituna sunayen shugabanninsu da garuruwansu: Paul Kruger, Pretoria, Bloemfontein. Yau a waɗannan tituna Turkawa ne da Marokawa da 'yan Suriname da 'yan Afirka ta Yamma. Wanda ya san zango a Kumasi ko Accra zai gane yanayin: unguwar da baƙo ke fara sauka, ya sami mai jin harshensa, ya sami ɗaki da aikin hannu, kafin ya san gari. Laraba da Asabar kasuwa ke ci a dandalin Afrikaanderplein, rumfuna ɗaruruwa, daga kifi da kayan miya zuwa yadi da tukwane, a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya. A gefen dandalin akwai masallacin Kocatepe na Turkawa, cikin wani tsohon ginin makaranta.

Zaman bai zo da sauƙi ba. A watan Agustan 1972 rikici kan gidajen haya ya rikiɗe ya zama farmaki kan masaukan leburori Turkawa a wannan unguwa, aka yi kwanaki ana jifa da fasa tagogi. Shekaru talatin bayan haka, a Maris 2002, jam'iyyar Pim Fortuyn, ɗan siyasar da ya yi suna wajen sukar Musulunci da shigowar baƙi, ta lashe zaɓen majalisar garin. Watanni biyu bayan nan aka harbe shi. Wannan garin dai shi ne kuma ya samu Ahmed Aboutaleb a matsayin magajin gari a 2009, ɗan limami daga tsaunukan Rif na Maroko, wanda ya zo Holan yana da shekara goma sha biyar, ya kuma riƙe kujerar har 2024. Duka biyun Rotterdam ce, kuma wanda ya ba da labarin ɗaya ya bar ɗaya bai yi adalci ba. Rigimar yau ta koma kan gidaje. A 2021 aka fara rushe gidajen haya masu rahusa fiye da 500 a wani sashe na unguwar da ake kira Tweebosbuurt, don a gina masu tsada, duk da cewa masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun rubuto suna jan kunne. Hujjar hukuma ita ce cakuɗa masu hali da marasa hali yana ɗaga unguwa. Ban ƙi wannan ba, amma tsohuwar da ta yi shekara arba'in a layi ɗaya, ta san mai burodi da maƙwabciyar da za ta kira in ciwo ya tashi da dare, ba a biyanta wannan da sabon ɗaki a wata unguwa.

Kaɗan gaba akwai masallacin Essalam, mai hasumiya biyu masu tsawon mita 50, wanda aka buɗe a ƙarshen 2010 bayan shekaru ana taƙaddama. Daga ƙofarsa ana hango fitilun De Kuip, filin ƙungiyar Feyenoord tun 1937. Ita ce ƙungiyar Holan ta farko da ta ɗauki kofin zakarun Turai, a 1970, kafin Ajax, kuma 'yan kudu ba za su bari ka manta ba. Mai niyyar sallar Juma'a ya zo da wuri. Ya kuma kula da lokutan salla, don a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, a Disamba kuwa ƙarfe huɗu da rabi magariba ta yi.

Inda ake tsare gari daga ruwa

Mafi yawan Rotterdam tana ƙasa da matakin teku. Wuri mafi zurfi a ƙasar baki ɗaya, mita 6.76 ƙasa da teku, yana Nieuwerkerk aan den IJssel, dab da garin. Don a fahimci yadda aka yi mutane ke kwana lafiya a irin wannan kwari, sai a ware yini guda a tafi Kinderdijk. A ƙarƙashin gadar Erasmus ake shiga jirgin ruwan fasinja, tafiyar ba ta kai sa'a ɗaya ba, ana wuce wuraren ƙera jirage a hanya.

Injinan iska goma sha tara ne a jere a bakin magudanan ruwa, yawancinsu an gina su a 1738 da 1740. Mutane da yawa suna ɗauka niƙa ake yi da su. Ruwa suke kwashewa. Asalin wannan yanki fadama ce ta ruɓaɓɓen ciyayi. Manoman da suka zo kusan shekara dubu da suka wuce suka haƙa lambatu don ruwan ya tsiyaye su yi noma. Da ƙasar ta bushe sai ta motse ta nutse. Aka ƙara zurfafa lambatu, ta ƙara nutsewa, har gonaki suka koma ƙasa da kogunan da ake zubar da ruwan a ciki. Daga nan ruwa ya daina fita da kansa, sai an ɗaga shi. Iska ke juya fukafukan, su kuma su juya wata babbar ƙafa mai kama da cokula a jere, ta ɗebo ruwa daga magudanar ƙasa ta zuba a tafkin ajiya na sama, a riƙe shi har kogin Lek ya ja baya, sannan a buɗe ƙofa. Tun 1868 injinan tururi suka fara karɓar aikin, yau kuma manyan famfuna ne ke yi, amma ana kula da tsofaffin yadda za su iya juyawa, kuma akwai iyalai da ke zaune a cikin wasunsu. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1997.

Abin da ya fi injinan muhimmanci ba ya fitowa a hoto. Ganuwar ruwa, in ta ɓalle a gonar mutum ɗaya, kowa ta ci. Saboda haka tun ƙarni na 13 manoma suka kafa majalisun kula da ruwa, kowa da yankin ganuwar da zai gyara da kuɗin da zai biya. Waɗannan majalisu suna nan har gobe, guda 21 a faɗin ƙasar. Zaɓensu daban, harajinsu daban, ba sa jiran kasafin gwamnatin tsakiya kafin su yashe magudana. A ganina wannan ne sirrin, fiye da kowace na'ura: aikin gyara yana da mai shi, yana da kuɗinsa, kuma ba a ɗaga shi sai bayan damina.

Duk da haka teku ta taɓa cin galaba. A daren 31 ga Janairu 1953, guguwa ta haɗu da cikar teku, ganuwoyi suka karye a kudu maso yamma, mutum 1,836 suka halaka. A wannan dare ganuwar da ke kare kwarin da ke bayan Rotterdam ta fara tsagewa a Nieuwerkerk, sai magajin garin ya umarci wani matuƙi, Arie Evegroen, ya tura jirginsa cikin ɓarakar. Jirgin ya toshe ta, aka cike gefensa da buhunan yashi. Daga wannan masifa aka tsara manyan ayyukan datse bakin koguna. Amma hanyar Rotterdam ba ta datsuwa, don jirage ke bi dare da rana. Maganin da aka samo yana kusa da Hoek van Holland, ƙarshen layin jirgin ƙarƙashin ƙasa: ƙofar Maeslant, da aka gama a 1997. Ƙyaure biyu ne na ƙarfe, kowane faɗinsa mita 210, suna ajiye a gaɓa hagu da dama. Idan lissafi ya nuna ruwa zai haura mita uku a Rotterdam, kwamfuta ce ke yanke hukunci: a turo ƙyauren su yi iyo zuwa tsakiya, a cika su da ruwa su nutse su zauna. Ba kasafai ake buƙatar hakan ba, amma kowace shekara kafin lokacin guguwa sai an gwada, jama'a na tsaye a kan ganuwa suna kallo. Daga can ana hango ƙugiyoyin ɗaga kwantena na Maasvlakte, ƙasar da aka yi da yashin da aka tsotso daga teku, kilomita arba'in daga tsakiyar gari.

Delft da Hague

Gouda da kasuwar cukunta ta ranar Alhamis a lokacin bazara, da Dordrecht wadda ta samu matsayin birni tun 1220, duka suna kusa, kuma wanda ke da kwanaki ya leƙa. Amma in yini ɗaya ya rage, a haɗa Delft da Hague, layin jirgi ɗaya ne. Katin banki ya isa biyan kuɗin jirgi, a dangwala shi a shiga, a dangwala a fita. A kuma kiyayi jan daɓen da ke gefen titi, hanyar keke ce, masu ita ba sa tsayawa.

Kwata na sa'a ke kai mutum Delft, kuma nan ne Holan ɗin da ke cikin hotuna. A gidan Prinsenhof aka harbe William na Orange, jagoran tawaye ga Sifaniya, ranar 10 ga Yuli 1584. Ramukan harsashin na nan a bango. An binne shi a Sabuwar Majami'a da ke bakin kasuwa, inda har yau ake binne 'yan gidan sarauta. A 1632 garin ya haifi mutum biyu: mai zane Johannes Vermeer, da Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi wanda ya goge gilasan ƙara girma da hannunsa har ya zama na farko da ya ga ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani. Tangaran mai shuɗi da fari da garin ya yi suna da shi, kwaikwayon na Sin ne da 'yan kasuwa ke kawowa. Akwai kuma cibiyar koyar da ilimin ruwa ta IHE, da aka kafa a 1957 bayan ambaliyar nan, wadda injiniyoyi da yawa daga Afirka suka yi karatu a cikinta.

Wani ɗan Delft, Hugo Grotius, wanda mutum-mutuminsa ke tsakiyar kasuwa, yana cikin waɗanda suka aza harsashin dokar ƙasa da ƙasa, kuma minti goma sha biyar gaba a jirgi ana ganin inda aikinsa ya kai. Hague ce mazaunin gwamnati da sarki, ko da yake Amsterdam ce babban birni. Tana da gidan zane na Mauritshuis da bakin teku na Scheveningen, amma mai karatu Fadar Zaman Lafiya ce za ta fi jan hankalinsa. An buɗe ta a 1913 da kuɗin attajirin Amurka Andrew Carnegie, kuma a ciki Kotun Duniya ke zama, wadda ke shari'a tsakanin ƙasashe. Kada a haɗa ta da kotun hukunta manyan laifuka, wadda ke gurfanar da mutane, tana wani gini daban. Ɗan Nijeriya Taslim Elias ya shugabanci Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985. Ba a shiga fadar kai tsaye, amma akwai zauren baƙi a bakin ƙofa.

A wannan gini ne a 2005 aka tabbatar wa Nijar tsibirin Lete a shari'arta da Benin. A nan ne kuma, ranar 10 ga Oktoba 2002, aka yanke hukunci tsakanin Kamaru da Nijeriya. Bakassi kowa ke tunawa, amma shari'ar ta shafi iyakar tun daga teku har Tafkin Chadi. Da tafkin ya yi ta janyewa a shekarun fari, masunta da manoma daga ɓangaren Nijeriya suka bi ruwan, suka kafa ƙauyuka a busasshiyar ƙasar da ya bari, irin su Darak, hukumomin Nijeriya kuma suka bi su da makarantu da 'yan sanda. Alƙalan suka duba yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1919 da 1931, suka ce layin yana nan inda aka shata shi, ko ruwa ya matsa ko bai matsa ba. A Disambar 2003 Nijeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da talatin na yankin tafkin, kusan shekaru biyar kafin a kammala miƙa Bakassi a Agustan 2008.